Ruwan da ya tsaya a ƙoda

Shekara arba'in ina haƙar rijiya tsakanin Guci da Dungas. Ban taɓa hawa gadon likita ba sai bana.

Da bawali abin ya fara. Yana zuwa ɗis-ɗis, mara ta yi tauri, baya na ciwo, ƙafafu suka kumbura. Tuwo ya fita raina. Fadi, matata, ta aika aka kira Aboubacar, mijin 'yarmu, don shi ke da moto mai taya biyu. Ya kai ni asibitin Magaria.

Likitar mace ce, Zeinabou, ba ta kai 'yata shekaru ba. Ta tambayi abin da ke damuna. Aboubacar na tsaye a kaina, riƙe da hulata. Mutum ba ya zancen bawali gaban surukinsa. Na ce baya ne, gajiyar rijiya. Haka na faɗa wa infirmiyen garinmu, mai jinya, tun farko, ya ba ni ƙwayar ciwon baya, kuma ba laifinsa ba ne. Ta tambayi bawali. Na ce lafiya lau.

Ta dubi takardar gwajin jinina, ta dube ni, ta jawo wata na'ura mai taya zuwa bakin gado. Na san ta. Ekografi ce, wadda ake ɗora wa mata masu ciki. Na ce mata ni ba ni da ciki.

"Bari dai mu tabbatar, Baba," in ji ta.

Wani tsoho a gadon kusa ya ce in namiji aka gani a sa masa sunansa. 

Ta shafa mini abu mai sanyi, mai yauƙi kamar kuɓewa, ta danna kan na'urar a kwiɓina, ta juyo da gilashin wajena. Ta ce duk abin da na gani baƙi, ruwa ne. Lafiyayyar ƙoda fari ne a tsakiyarta. Tawa baƙi ne, ya yi rassa kamar yatsun hannu. Ta hagu ma haka. Da ta sauko mara, gilashin ya cika da baƙi, kamar na leƙa rijiya mai zurfin gaba ashirin.

Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma na san ruwa. In ya taru a sama, ƙasa ce ta toshe.

Ta aiki Aboubacar ofis ya karɓo wata takarda. Da ya fita ta rage murya.

"Tun yaushe, Baba?"

"Wata uku."

Ta ce ƙodar ba ta mutu ba, ruwan da ya rasa hanya ne ke komawa yana danne ta. In aka bar shi, sai injin wankin jini a birni har ƙarshen rai. In aka buɗe hanya yau, akwai dama. Na ce a buɗe. Namiji ta kira ya sa mini robar bawali. Jakar da ke haɗe da ita ta cika, aka zubar, ta sake cika.

Kwana huɗu ta dawo da na'urar. Tun ba ta yi magana ba na ce mata ruwan ya ja baya. Ta ce haka ne, jinin ma ya fara gyaruwa. Amma da robar zan koma gida kafin a duba toshewar, kuma dole wani ya koyi kula da ita, ya riƙa maido ni. Idon Fadi ya yi rauni. Ta tambayi wa za ta koya wa.

Na dubi ƙofa, inda Aboubacar ke jira, na ce:

"Kira shi. Nuna masa hoton farko da na yau. Ni ba zan ce kome ba."

Ta nuna masa baƙin, ta nuna jakar, ta yi bayani. Aboubacar bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya tambayi ranar dawowa, ya miƙo mini hulata da hannu biyu.

A hanyar Guci bai faɗa rami ko ɗaya ba.