Yadda Keken Baba Kabo Ya Je Makka

Shekarar da muka je aikin Hajji, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, mu huɗu ne daga ƙauyenmu da ke kan hanyar Kongolam: ni, da Baba Kabo, da ƙanwarsa Inna Shatu, da taubashinsa Ɗantsoho.

Baba Kabo ya faɗo daga kan rumbu tun ina saurayi, ƙugunsa na hagu ya goce, ɗorin kuma bai kama daidai ba. Daga ƙofar gidansa zuwa masallaci da sanda yake zuwa, sai ya tsaya ya huta a gindin dalbejiya kafin ya ƙarasa. Amma in ya hau keke, sai ka rantse babu abin da ya taɓa samunsa. Da shi yake cin kasuwar Mai'adua, da shi yake zuwa Zango gaisuwa, har Daura yana zuwa ya dawo kafin la'asar. Tsohon keke ne mai nauyi. Tun ranar da ya saye shi ya naɗe shi da leda don kada fenti ya goge, saboda haka babu wanda ya taɓa ganin fentin.

A wajen bita ne malamin da ke koya mana aikin Hajji ya ce masaukin alhazanmu yana da nisa da Harami, a ƙafa ake zuwa, a ƙafa ake dawowa. Ya ce masu ciwon ƙafa kada su damu, akwai keken guragu, akwai masu turawa. Yana faɗin haka ya dubi Baba Kabo, kowa ma ya dube shi.

Da muka fito sai Baba Kabo ya tsaya. Ya kama kan kekensa ya ce, “Ni ba za a tura ni ba.”

Ɗantsoho ya ce, “To goya ka za a yi? Ni dai bayana ya tsufa.”

“Da kekena zan je.”

“Makka?”

“Jirgi zai kai mu Makka. Daga masauki zuwa Harami nake nufi. Cikin masallaci ko da rarrafe ne na yi ɗawafina. Amma hanya, da kaina zan yi ta.”

Ranar kasuwa muka raka shi shagon Cosmas, mai sayar da kayan keke da na babur a Mai'adua. Cosmas ya daɗe a garin, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya saurari bayani yana goge hannu da tsumma.

Ya ce, “Baba, ai wannan mai sauƙi ne. Ka sace iskar taya, ka cire feda, ka juya kan, in ba ka kwali ka saka shi. Ƙanena ya taɓa kai keken ɗinki Legas a jirgi, ba wanda ya ce masa uffan. Ka je dai ka tambayi masu jirgin.”

Ɗantsoho ya yi dariya har sai da ya dafa bencin shagon. Shi tsohon ɗan fito ne, ya yi shekaru yana ƙetarar da kaya tsakanin Kongolam da ƙasar Nijar. Da Shari'a ta zo ya tuba, ya tsayar da gemu, ya koma sayar da gero.

Ya ce, “Tambaya! Cosmas, kai shago ka sani, ba ka san shinge ba. Tunda nake ban taɓa tambayar ma'aikaci ba. In ka tambaye shi ka ɗora masa nauyi, dole ya ce a'a. Kaya babba ba ya wucewa, sai an raba shi. Dila guda ta atamfa ba ta wuce shinge. Amma ka ba kowane fasinja turmi ɗaya ya riƙe, ko kallo ba a yi.”

Baba Kabo ya ce, “Wannan ba ha'inci ba ne? Ɗakin Allah fa za mu.”

“Wa ka ha'inta? Kekenka ne ko na sata?”

“Ai ka ce ka tuba.”

“Na tuba da yi. Ban tuba da sani ba.”

Cosmas ya dube ni. Ya ɗauko sifana, ya kwance keken gaɓa-gaɓa a ƙofar shago, ya zuba ƙananan notuna a gwangwanin madara ya rufe da leda. Da zai miƙa wa Baba Kabo sifanar ya ce, “Ka riƙe, in ka dawo ka kawo mini da dabino. Kwalin nan dai yana nan in kun sake shawara.”

Ba mu sake ba. Ɗantsoho ne ya yi rabon. Gangar jikin keken da kariyarta ta ɗaukar kaya Baba Kabo ya naɗe a bargo, ya ɗaure da igiya, ya rataya buta a jiki don ta yi kama da kayan shimfiɗa. Inna Shatu aka ba tayoyin. Ta ɗinke su a buhu, ta cika tsakanin wayoyin da ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, tana mita cewa miyarta za ta yi warin roba. Ni aka ba kan keken da birkinsa, da sirdi, da feda, da famfo, da ƙararrawa. Ƙararrawar sai da na cusa mata auduga, don duk motsin da jakata ta yi sai ta amsa.

Saura sarƙa. Ɗantsoho ya ɗauke ta ya ce, “Wannan ita ce ran keke. Ni zan riƙe ta.”

Ranar tafiya aka kwaso mu daga sansanin alhazai zuwa filin jirgi, kowa sanye da yadin alhazan jiha iri ɗaya. Aka auna kaya. Ma'aikacin ya ɗaga ƙunshin Baba Kabo, ya juya shi, ya manna masa takarda ya tura. Buhun Inna Shatu har mirgina shi ya yi ya bi sauran. Ɗantsoho ya matso kunnena ya ce, “Ka gani? Ko kallo.”

Daga nan aka jera mu, maza daban mata daban, a gaban wata ƙofa da ba ta da ƙyaure. Kowa ya bi ta ciki ya wuce. Na wuce, Baba Kabo ya wuce da sandarsa. Ɗantsoho na shiga sai ta yi ƙara.

Jami'in da ke wurin ya ce, “Alhaji, me ke jikinka?”

“Babu komai, ranka ya daɗe.”

Aka sa ya cire agogo, ya sake bi, ta sake ƙara. Ya fito da makullin ɗakinsa, ta sake. Jami'in ya shafa ƙirjinsa, ya shafa ƙugunsa, ya tsaya. Ya ce ya ɗaga riga.

Ga sarƙar nan a ƙugunsa, an naɗe ta da tsumma, an ɗaure ta da kyau a kan fata, kamar yadda yake ɗaura kaya masu tsada zamanin da yake fito.

Wata tsohuwa daga layin mata ta ce, “Innalillahi! Guru za a kai ɗakin Allah!”

Ɗantsoho ya ce, “Hajiya, ba guru ba ne. Sarƙar keke ce.”

Jami'in ya warware tsumman, ya ɗaga sarƙar sama, baƙin mai ya ɓata masa yatsu. Ya ce, “Ina keken?”

Baba Kabo ne ya dawo da baya ya ce, “Yallaɓai, nawa ne. Yana cikin jirgi. Wani a wajena, wani a wajen ƙanwata, wani a jakar Malam ɗin nan.”

Jami'in ya daɗe yana dubanmu. Can ya ce, “Wa ya hana ku kawo shi ɗungurungum? Da kun sa shi a kwali ai da yana ƙasa da sauran kaya. Ita ma wannan da a jaka kuka sa ta, da ta wuce. Amma ƙarfe irin wannan ba ya shiga inda mutane ke zaune.”

Baba Kabo ya ce, “To a sa ta a jakar.”

“Jakunkuna sun tafi, Baba.”

Ya jefa ta cikin wani kwando da ke cike da wuƙaƙe da almakashi da askar aski. Baba Kabo ya tsaya yana kallon kwandon har sai da na kama hannunsa.

A cikin jirgi ni ne a tsakaninsu. Jirgi ya tashi, aka yi kabbara, aka kawo abinci, aka kwashe. Mun yi nisa sosai kafin Ɗantsoho ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, “A Kongolam babu irin wannan ƙofar.”

Baba Kabo ya ce, “Babu.”

Iyakar hirar da suka yi ke nan har Jidda.

Masaukinmu a Makka yana can saman wani tudu. Umarar shiga gari mota ce ta kai mu, Baba Kabo ya yi ɗawafi da sa'ayi da sandarsa, yana yi yana zama, bai yarda kowa ya riƙe shi ba. Washegari ƙafar ta ƙi takuwa. Muka tafi Harami muka bar shi, muka dawo muka tarar ya haɗa kekensa tsaf a baranda, ya hura taya, ya cire audugar ƙararrawa. Komai ya koma wurinsa. In ka juya feda sai ta yi ta juyawa ita kaɗai.

Ni da Ɗantsoho muka zaga unguwar neman sarƙa. Shagunan carbi ne da dardumai da agogo da turare. Wani Bahaushe mazaunin can ya ce mana akwai masu gyaran keke a wata unguwa mai nisa, amma ba sa buɗewa sai alhazai sun watse.

Kwanaki suka fara tafiya Baba Kabo yana salla a masauki. Jami'in alhazanmu ya zo da keken guragu har ƙofar ɗaki, sabo fil, ya ce ga wanda zai tura shi. Baba Kabo ya yi masa godiya, ya tambayi lafiyar iyalinsa, ya ce a kai wa mai buƙata. Inna Shatu ta ce, “Yaya, girman kai ne wannan. Ka zo har nan ka zauna a ɗaki kamar mai jego?” In mun fita yana zaune a bakin ƙofa, in mun dawo yana nan, idonsa ya yi ja.

Wata rana da hantsi ina zaune kusa da shi, wani mai shago ya watsa ruwan wanke ƙofa a titi. Baba Kabo ya bi ruwan da ido.

Ya ce, “Malam, ruwan nan ina ya nufa?”

Na ce, “Gangara ya bi.”

“Ku in za ku Harami ta ina kuke bi?”

“Ta nan.”

“Har can gangara ce?”

Na yi tunani na ce, “Har kusa da filin Harami.”

Ya ce, “Fito mini da shi.”

Na fito da keken. Ya ɗaure sandarsa a kariya, ya hau, ya gwada birki, ya yi bisimilla, ya ɗage ƙafa. Keken ya fara tafiya a hankali, sannan ya ɗan ƙara. Alhazai cike da titi, fararen fata da baƙaƙe, Baba Kabo yana kaɗa ƙararrawa suna darewa. Ƙafafunsa na kan feda, har yana juya ta, ko da yake ba ta haɗe da komai. Ni da Ɗantsoho muka bi shi da sassarfa, takalmanmu a hannu. Da muka isa ƙasa ya riga ya ba wata mai sayar da tuwo ajiyar keken, yana tsaye da sanda yana jiranmu.

Ya ce, “Kun daɗe.”

A sahu ɗaya muka yi azahar, yana kallon Ka'aba. Bayan sallama ya daɗe bai tashi ba, mu ma ba mu ce ya tashi ba.

Da muka fito ya karɓi kekensa, muka tsaya a gindin tudun. Daga ƙasa ya fi tsawo. Baba Kabo ya kama kan keken ya fara jansa yana ɗingishi. Bai yi nisa ba ya tsaya. Ya sake gwadawa, ya sake tsayawa. Sai ya hau sirdi ya zauna, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana haki. Rana ta take, mutane na ratsa mu ta ko'ina.

Ɗantsoho ya matso, ya ɗora hannu biyu a kan kariya. Keken ya motsa.

Baba Kabo bai waiwayo ba. Ya ce, “Me kake yi?”

“Gwiwata ke ciwo. Na dafa ne.”

“Ba tura ni kake ba?”

“Ni? Ina na ga ƙarfin tura ƙato irinka? Dafawa na yi.”

Baba Kabo ya ɗora ƙafarsa a kan feda, ya gyara zama, ya kaɗa ƙararrawa. Ya ce, “To dafa da ƙarfi, akwai hawa a gaba.”

Haka suka yi har muka bar Makka, ban da kwanakin Mina da Arfa da aka yi a mota. Ɗantsoho ya rame, gemunsa kullum jiƙe da gumi, bai taɓa ba ni dafawar ba ko da na nema.

Da za mu dawo a kwali muka sa keken, ɗungurungum, babu wanda ya ce mana komai. Cosmas ya karɓi sifanarsa da dabinonsa, ya sa sabuwar sarƙa, ya ji labarin ƙofar daga bakin Inna Shatu, bai yi dariya ba sai da Ɗantsoho ya bar shagon.

Masu zuwa barka da sauka suna tambayar Alhaji Kabo yadda ya yi da ƙafa, ko an tura shi. Yakan ce a'a, da kekensa ya yi ta zuwa. Wai wanda ya sha wahala shi ne Alhaji Ɗantsoho, ƙasar ba ta karɓe shi ba, kullum sai ya dafa keken kafin ya iya hawa tudu. In Alhaji Ɗantsoho yana wurin, sai ya ce haka ne, ya miƙa hannu ya ɗebi dabino.