Layi Huɗu a Bargon Inna

Shekarar da aka samu 'yancin kai, zazzaɓi ya kwantar da Inna a Gubuchi, tana ta rawar sanyi cikin zane ɗaya. Na ce wallahi sai na ɗinka mata bargo, ko da yake ban taɓa yi ba. Na haɗa tsofaffin zannuwa biyu, na shimfiɗa audugar gonarmu a tsakani, na aro keken ɗinkin yayana, Jumare tela.

"Azumi, ki matse ɗinkin, layi kusa da layi," in ji shi. "In kika buɗa, audugar za ta gudu."

Haushi ya kama ni. Tsohuwa tana karkarwa, shi yana zancen layi! Na zaɓi dogon ɗinki, na ja layi huɗu kacal, kafin la'asar na gama.

Bayan kwana biyar Inna ta yi amai a kan bargon, na wanke. Da ya bushe, audugar duk ta dunƙule a gefe guda kamar curin tuwo. Jumare kuwa ya tafi Makarfi da keken ɗinkinsa.

Haka nan na lulluɓa mata. Haƙoranta suna haɗuwa, ta kama hannuna.

"Akwai ɗumi, 'yar nan," ta ce. "Allah ya yi miki albarka."