Yawun Nkwabi

"Sai yawun ya kai wannan layin, Baba," in ji ma'aikaciyar jinyar, ta turo masa 'yar kwalbar roba a kan teburi.

Nkwabi ya kai kwalbar kusa da idonsa, don idon zabiya ba ya gani daga nesa. Ya juya ta, ya ajiye. Tun safe ya rufe rumfarsa ta busasshen kifi a kasuwar Kariakoo, ya sha matsi a motar haya ta daladala, saboda 'yarsa Kabula ta ce za a duba masa gyambon da rana ta yi masa a kunne.

"Ciwo a kunne, magani a yawu? Ke, Kabula, me kika kawo ni yi?"

Kabula ta kalli ƙasa. Shekara tara da aure ba ta taɓa ko ɓari ba, sai bana likitoci suka haɗa ƙwanta da na mijinta a ɗakin gwaji, shida suka kama. Ita baƙa ce wuluk kamar uwarta, mijin ma haka, amma ƙanwar mijin zabiya ce.

Ma'aikaciyar ce ta yi bayani, da muryar mai lallashin yaro. Za a aika yawun Afirka ta Kudu. Da shi za a gane alamar zabiyanci a jininsu, sai a duba ƙwayayen shida, a ware masu ita, a dasa wanda ba shi da ita.

"Waɗanda aka ware fa?"

"Ba a dasa su."

"Tambayarki na yi, ina ake kai su? Bola?"

Ma'aikaciyar ta ce za ta ba su wuri, ta fita.

"To, madalla," in ji Nkwabi. "Na yi kiwonki da kuɗin kifi har kika yi boko, ashe bokon tsince ni daga cikin shinkafa kika koyo. Da kakarki ta sami wannan kwalba, uban wa zai haife ki?"

"Ba kai nake gudu ba, Baba."

"Wa kike gudu? Limamin unguwa?"

"Rana nake gudu. Da mutane."

"Sai ki je ki kashe ranar. Mutanen kuma ki tara yawunsu, su ne marasa lafiya."

Kabula ta ɗago kai, idonta ya yi ja. "Ni nake wanke maka kunnen nan kullum. Ni na wanke wa Yaya Shija nasa, har ciwon ya cinye masa rabin fuska, ya rasu yana ɗan shekara ashirin da shida. A Shinyanga da adda kake raka shi makaranta, don kada matsafa masu farautar zabiya su sare masa hannu. Ka manta me ya sa muka gudo Dar es Salaam? Ni ban manta ba. Ba zan haifi ɗan da zan yi gadinsa kamar akuya a bakin mahauta ba."

"Kada ki ƙara sa sunan Shija a bakinki. Shija ya yi dariya a duniyar nan fiye da ke da mijinki."

"Ya yi. Ni na ji kukansa kuma."

Nkwabi ya miƙe, ya fizgi kwalbar don ya jefa ta a kwandon shara da hannunsa, ya banke ƙofa ya fito. Kabula ta biyo shi.

Mata sun cika bencin jira. Wata mai tsohon ciki, da waya mai tsada a hannu, ta ɗaga ido ta gan shi. Nan take ta ja wuyan rigarta, ta sunkuya, ta tofa yawu a ƙirjinta. Haka masu ciki suke yi in sun ga zabiya, wai kada su haifi irinsa. Shekara hamsin da takwas ana yi masa wannan, a rijiya, a coci, a gaban rumfarsa. Ya saba wucewa.

Yau ya tsaya. Ya waiwaya, ya ga Kabula ta taso wa matar, kamar yadda take taso wa yaran unguwa tun tana 'yar shekara bakwai. Ya tare ta da hannu ɗaya. Ya daɗe yana kallon fuskar 'yarsa.

Sai ya buɗe kwalbar.

"Kin yi asarar yawunki, 'yar nan," ya ce wa mai cikin. "Naki ba ya aiki. Nawa ne mai aiki."

A gabansu duka ya yi ta tofawa. Bakinsa ya bushe, sai da ya huta sau uku kafin ya kai layin. Ya rufe, ya danƙa wa Kabula a tafin hannu.

"Baba…"

"In kun zaɓa kun haifa, kada ku sa masa sunana."

Ya ja malafarsa ta rufe kunnen, ya fita neman motar Kariakoo. Rana ta take tsaka.