Tikiti Goma Sha Ɗaya

Mu uku muka yi wa layin dogon kwarinmu aiki. Kakana yana cikin waɗanda suka fasa dutse aka shimfiɗa shi, ya bar yatsu biyu a rami na huɗu cikin ramukan da jirgi ke ratsa dutse ta ciki. Babana Milisav ya yi shekara talatin da shida yana bin layin a ƙafa da doguwar guduma, kilomita bakwai zuwa, bakwai dawowa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare ko ya tsage. Ni kuma, Obren, kwandasta, ni na rufe shi. Kowa da irin baiwarsa.

Jirgin tarago biyu ne, yana bin gefen kogi sau uku a rana daga Kamenik, ƙauyenmu, zuwa gari. Titin mota yana ɗaya gefen ruwan, gada kuwa sai ka gangara kilomita tara. Don haka duk abin da ya fita daga Kamenik ta jirgi ya fita: cuku, tuffa, amare, marasa lafiya. Baba ma da ya tsufa, ta nan yake zuwa asibiti duk Talata a duba masa zuciya.

Ga yadda nake aikina. In shiga tarago da littafin tikiti da abin huda shi. Baƙo ya biya in yaga masa. Ɗan kwari kuwa, in taɓa hulata in ce, "Namu ne," in wuce. Ba ni na fara ba. Wanda na gada haka yake yi, wanda ya gada ma haka. Ta yaya za ka miƙa wa kum ɗinka hannu, mutumin da ya tsaya maka a coci ranar aurenka, ka ce ya biya? Wani lokaci akan cusa mini ƙwai ko kwalbar barasar gida a aljihu. Shekara ashirin da biyu ban taɓa sayen ƙwai ba, kuma har ga Allah na ɗauka kirki nake yi.

Baba kaɗai ke mita.

"Ka riƙa yaga musu takardar nan, Obren."

"Haba Baba, jirgi a cike yake kullum, kowa yana gani."

"Wa yake gani? Ni idan na kai ƙarshen kilomita bakwai ban sa hannu a littafi ba, a wurin hukuma ban yi tafiyar ba, ko da ƙafata ta kumbura."

Nakan ce tsufa ne.

Ran nan takarda ta zo daga hukuma: za a aiko jami'a ta bi jirgin mako guda, Litinin zuwa Asabar, a ga ko layin yana da sauran amfani. Aka taru a gaban coci. Kum ɗina Desimir, mai kiwon zuma, ya hau kan benci.

"Jama'a, ƙirga mu za a yi! To bari su gaji da ƙirga. Duk mai ƙafa ya shiga jirgi. Marar ƙafa a ɗauko shi!"

Haka kuwa aka yi. Ranar Litinin jirgi ya cika har bakin ƙofa. Mutanen da rabonsu da gari tun zaɓen da ya wuce suka sa kayan coci suka zauna, su je gari, su sha kofi, su dawo, su sake komawa. Baba ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki ya zauna kusa da taga.

Jami'ar, sunanta Leposava, mace ce mai furfura da ƙaramar jaka. Ta kalli cunkoson, ta yi ɗan murmushi. Da muka shiga rami na biyu ta yafito ni.

"Malam kwandasta, ina ganin akwai rashin fahimta. Ba kawuna aka aiko ni ƙirgawa ba. Ranar Asabar littafinka zan karɓa. Abin da aka yaga a ciki, shi ne mutanen da suka hau."

Tana kallon waje take maganar, cikin duhun rami, inda babu abin kallo. Daga baya na gane taimakona take yi. Kwana shida ta ba ni.

Na fara da Inna Stamena, tsohuwar ungozoma, don na ɗauka za ta fi sauƙi. Na tsaya a kanta na buɗe littafi, na yi gyaran murya.

"Inna, tikiti."

Ta dube ni daga hula har takalmi.

"Me ka ce?"

"Tikiti, Inna. Na yau kawai."

"Kai Obren! Ranar da na jawo ka duniya da ƙafa, wa ya tambaye ka tikiti?"

Tarago ya ɗauki dariya. Wani daga baya ya ce, "Ya ga baƙuwa, yana so a ƙara masa igiya a kafaɗa!" Na taɓa hulata. Bakina da kansa ya ce, "Namu ne." Na wuce.

A gaban Leposava ba zan iya ɗaga murya in bayyana musu ba, don hakan daidai yake da in ce shekara ashirin da biyu ina kai mutane kyauta, ga fanshona saura kaɗan. Da yamma na je wurin Desimir na same shi cikin amya, na gaya masa komai.

Ya ɗaga ragar fuskarsa.

"Kum, kai fa kana da saurin yarda. Wayo ne. So suke su ga ko za mu iya biya. Muna biya mako ɗaya, shi ke nan, sun ɗora mana har jikoki."

"Ta ce littafi za ta duba."

"Ba ta da ido ne? Ta ga jirgi ya cika ko ba ta gani ba? Zo ka ɗanɗana wannan, ta bana ce."

Na ɗanɗana. Zumar ta yi daɗi. Ya kamata in bi gida gida in yi ta ƙwanƙwasa ƙofa har su tsane ni. Sai na koma gida na ce gobe. Baba ma ban gaya masa ba, don na san irin kallon da zai yi mini. Shi kuwa ya yi ta hawa jirgi sau uku a rana da zuciyar nan tasa, ga shi da katin tsofaffin ma'aikata na shiga kyauta, wanda ba ya barin alama a littafin kowa.

Ranar Asabar na miƙa littafi. Tikiti goma sha ɗaya. Huɗu na wasu masu yawon hawan dutse, biyu na wani mai gyaran injin niƙa, biyar ni na saya da kaina a ɓoye. Da na sayi ɗari biyu, wa ya sani? Wannan dabarar ta zo mini bayan wata ɗaya, lokacin da dabaruna suka saba zuwa.

Leposava ta juya shafukan a hankali.

"Zan rubuta cewa na ga jirgi a cike," in ji ta. "Amma a takardar da aka ba ni babu gurbin abin da na gani."

Aka sa ranar rufewa farkon kaka. A ranar, tun kafin jirgi ya tashi, Inna Stamena ta kama mini hannun riga.

"Yaga mini ɗaya, zan ajiye bayan hoton marigayi mijina."

Sai Desimir: "Ni huɗu, kum, har da na yara." Kowa yana son abin tunawa. Kafin rami na uku na ƙarar da littafi biyu. Rannan na sayar da abin da ban sayar ba a shekara uku, babu kuma wanda zai karɓi littafin.

Baba yana wurinsa kusa da taga. Zuwa lokacin ya ji komai, a bakin Desimir, ba a bakina ba. Ya ciro kuɗi daga aljihun rigar aiki.

"Baba, ai kana da kati."

"Na san ina da kati. Yaga."

Na yaga masa na ƙarshe. Bai karɓa ba.

"Huda shi. Ko shi ma namu ne?"

Na ciro abin hudawa na matsa, ya ƙi. Ya cije don rashin aiki. Sai da na sa hannu biyu, a gaban kowa, sannan ya huda, a karkace. Baba ya ɗaga tikitin ya duba hujin a hasken taga, kamar yadda yake duba ƙarfe, ya sa a aljihu.

An kwashe ƙarafan bayan shekara biyu. Yanzu duk Talata nakan ɗauki Baba a tsohuwar motata, mu bi hanyar gonaki kilomita tara zuwa gada, motar tana jijjiga shi yana riƙe da ƙirji. Ba ya ƙorafi. Idan muka isa ƙofar asibiti, kafin ya fita, yakan miƙo mini tikitin nan. In duba, in mayar masa. Bai taɓa yin murmushi ba, don haka har yau ban sani ba ko wasa yake yi.