Fadamar Baba

Ni Mas'uda ba a yi mini wayo da takarda, ko da kuwa ƙanena ne ya riƙo ta.

Shekara guda ke nan da ɓarin jikin Babanmu, Malam Alu, ya shanye. Mu 'ya'yansa mata huɗu muke karɓa-karɓar jinyarsa a Yalwa, amma juya ƙaton mutum irin Baba ba wasa ba ne, har bayansa ya fara gyambo. Sai muka ji an ware gadaje a asibitin gwamnati don tsofaffi marasa galihu, magani da abinci da nas duk kyauta. Sharaɗi ɗaya ne: kada tsoho ya mallaki gona. Baba kuwa yana da fadamarsa a hanyar Rurum, wadda da ita ya ciyar da mu, ya aurar da mu.

Maƙwabta suka ce a rubuta babu kawai, wa zai bincika? Baba ya girgiza kai. Bai yi ƙarya da baƙin gashi ba, ba zai fara da furfura ba.

Ran Juma'a sai ga autanmu Shamsuddeen, mai jan motar haya zuwa Kano, ya shigo yana washe baki.

"Yaya, na samo mafita. Sai Baba ya ba ni fadamar kyauta, a takarda kawai. In an tambaye shi ya ce ba shi da komai, kuma bai yi ƙarya ba."

"A takarda kawai?" na ce. "Sannu da hikima! To wa zai dasa albasa bana?"

"Ni mana, don a ga alamar ta dawo hannuna."

Ka ji fa! Ai ko 'yar aji ɗaya a Islamiyya ta san kyauta in an karɓa an shiga an noma, ta zauna daram. Gobe in ta Allah ta kasance, mu mata huɗu mu tashi a tutar babu. Ban ce Shamsu mugu ba ne, amma mutumin da motarsa kullum tana wajen bakanike, fadama ba za ta daɗe a hannunsa ba. Na faɗa masa haka ido da ido.

Ya miƙe a fusace. "To ku bar shi ya ruɓe kan tabarma saboda gado!"

Wallahi maganar nan ta soke ni, don akwai gaskiya a cikinta.

Washegari ina jan ruwa a rijiyar bakin masallaci sai abin ya faɗo mini. Rijiyar nan waƙafi ce: ba ta kowa ba ce, kowa kuma yana sha. Na ajiye guga na nufi gidan Liman Maharazu, na tambaye shi ko gona ma ana yi mata haka.

"Ana yi," ya ce. "Tunda hankalinsa ƙalau, kuma ciwon ya shekara, ba a ɗaukarsa ciwon ajali, yana iya tsayar da ita ga zuriyarsa. Amma ki sani, in ta fita ta fita. Ba a sayarwa, ba a bayarwa, ba a gado, shi kansa ba zai iya dawo da ita ba."

Na ce ai abin da nake nema ke nan, Allah ya gafarta Malam.

Na zauna na yi wa Baba bayani dalla-dalla. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce a kira mai unguwa. A gaban shaidu ya furta waƙafin da karkataccen bakinsa, aka damƙa kula da fadamar ga Liman, mu biyar mu noma mu raba amfani. Shamsu ya yi tsaki, amma ya sa hannu. Ni kuwa har guɗa na so yi.

Ran Litinin muka kai shi asibiti. Ma'aikaciyar ta buɗe fom ta ce, "Baba, kana da gona?"

"Ba ni da ko taku ɗaya, 'yata."

Ta rubuta, ta nuna mana gado kusa da taga. Na gyara masa matashi ina ji da kaina, na ce, "Ka gani ko, Baba? Ga gado, ga fadama ba ta ɓata ba."

Ya kamo gefen mayafina da hannunsa mai lafiya, ya yi ƙasa da murya kamar baƙo a gidan mutane.

"Mas'uda, in kun cire albasa, ko za ki roƙa mini 'yan'uwanki su kawo mini guda biyu in gani?"