Kwando Arba'in da Fambel Ɗaya

Fambel ɗin motar Kabo, wato bel ɗin da ke juya fankar inji, ya tsinke da hantsi, jim kaɗan bayan ya wuce Gafasa. A bayan motar akwai kwando arba'in na tumatur, amanar manoman Toranke, wanda dole ya isa kasuwa a Kano kafin rana ta dafa shi. Lagireto ya tafasa, Kabo ya kashe inji ya diro yana zagin motar har da wanda ya ƙera ta.

Motar kuwa ba ta da laifi. Gangar jikinta tun ta mahaifinsa ce, amma injin na wata mota ne daban. Baba Kashim, wani tsohon bakanike a Gaya, shi ya dasa mata shi shekara uku da suka wuce, ya yi ta 'yan dabarunsa har ya zauna daram. Duk duniya shi kaɗai ya san abin da ya ƙulla a cikin bonet ɗin nan. Shi ne kuma mutumin da Kabo ya tsaya tsakiyar tasha bara, a kan wata 'yar matsala da ba ta taka kara ta karya ba, ya kira shi macuci mai haɗa wa mutane injin jabu. Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Malam Muntasir, mai kwando goma sha biyu a cikin lodin, ya bugo waya. Da ya ji labari sai ya ce, "To ka kira Kashim mana."

"Allah ya kiyaye," in ji Kabo, ya katse wayar. Girman kai ya yi wa bawan Allahn nan katutu.

Ya hau acaɓa ya nufi Gaya, shagon Musbahu mai kayan mota. Lambar da ke jikin tsohon bel ta goge, don haka Musbahu ya ba shi na irin motar. Da ya koma ya gwada, bel ya gaza da kusan tafin hannu. Sai ya kwance igiya daga jikin kwando, ya zagaya ta kan fuli, wato faifan ƙarfen da bel ke hawa, ya ƙulle daidai tsawon, ya sake komawa Gaya. Wannan karon tsawo ya yi. Amma da ya tayar da inji sai bel ya nutse cikin kwarin fuli yana zamewa, yana kuka, warin ƙonanniyar roba ya tashi.

"Kayanka ne na banza!" Kabo ya daka wa Musbahu tsawa a zuwansa na uku.

"Malam, motarka ce ba ta san ubanta ba. Fita min daga shago."

Azahar ta yi. Lokacin da ya baro motar, ruwan tumatur ya riga ya fara ɗiga ta ƙarƙashin bodi, ƙudaje sun taru. Tsoro ya kama Kabo sosai. Ya ja ƙafa zuwa garejin Baba Kashim, igiyar awonsa a hannu, kamar mai zuwa wurin cire haƙori.

Tsohon yana zaune kan taya, direbobi huɗu na kewaye da shi. Bai amsa sallamar da kyau ba.

"Baba, fambel ne ya tsinke. Lambar kawai nake so."

"Lambar injin jabu? Ai macuci ba ya riƙe lamba."

"Baba, kayan mutane ne a kai."

"Ni ma sunana ka zubar a gaban mutane. A tasha ka faɗa da ƙarfi, nan ma da ƙarfi za ka janye."

Kabo ya dubi direbobin, duk sun zuba masa ido, ɗaya har yana murmushi. "Ƙarya na yi maka," ya ce.

"Kunnena ya tsufa."

"Na ce ƙarya na yi maka! Aikinka mai kyau ne!"

Baba Kashim ya tofar da goron bakinsa. "Ko shekara za ka yi a shagon kayan mota ba za ka samu ba. Fulin asali bai hau ba, na injin niƙa na saka maka, kwarinsa ya fi faɗi. Je ka wurin masu kayan injin niƙa da igiyar taka, ka ce mai kauri. Kada kuma in sake ganin ƙafarka a nan."

Kabo ya sayo ya koma, bel ya hau cif. Ana kiran la'asar inji ya tashi, yana juyawa lafiya lau, ko ƙara babu. Kabo yana goge hannu sai ga babura uku daga Toranke, Malam Muntasir a gaba. Bai kalli Kabo ba. Ya hau bodi, ya yaye ciyawar da aka rufe kwandonsa da ita, ya cusa hannu har gwiwar hannu. Da ya zaro, jan ruwa ne ke bin hannun rigarsa.

"Wata uku ina ban ruwa," ya ce a hankali. "Tun hantsi na faɗa maka wanda za ka kira."

"Malam, yanzu fa mota ta tashi, in muka kama hanya..."

"Sauke mana kayanmu, Kabo. Mata sa yanka abin da ya yi saura su shanya."

Kabo ya hau ya fara miƙo kwandunan ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ce masa sannu. Injin yana ta aiki a ƙarƙashinsa, ya ma manta bai kashe shi ba.