Ƙasar da Ovila Ya Zuba

Ranar Litinin ce, ɗaya ga watan Mayu na 1967. Rana ta fito tas, amma iskar da ke tasowa daga kogi tana da sauran sanyi a bakinta. A Montreal ranar ce hayar gidaje ke ƙarewa, rabin gari ya kwaso komatsansa ya fito titi, wannan na sauko da katifa, wancan na hawa da firji, kowa na zagin matakalar wani.

Shekarar ce kuma Kanada ta cika ɗari, kuma a ƙarshen makon da ya gabata aka buɗe bajekolin duniya a tsibiran tsakiyar kogi, wanda kowa ke kira Expo. Yvon Bissonnette ya riga ya je. Yana da shekara goma sha tara, makaranta ta ishe shi tun tuni, ya taɓa aikin gidan burodi da na gareji bai daɗe a ko ɗaya ba, yanzu yana ɗaukar kaya a babbar motar kawunsa Roméo. Fasfon shiga Expo na cikin aljihun rigarsa, da tambarin ƙasashe bakwai a ciki, yana jin sa kamar garwashi.

Iyalin Bissonnette ma ƙaura suke yi ranar. Sabon gidan yana titin Dorion, hawa na uku, matakalarsa ta ƙarfe ce a waje, a murɗe kamar igiyar rijiya. Kakar Yvon, Exilda, kuwa jiki ya yi nauyi, gwiwoyi sun ƙi matakala. A tsohon gidan, tun jana'izar mijinta ba ta sauko ba, sai safiyar nan da maza uku suka sauko da ita a kan kujerar lilonta. Kowa ya san idan aka hau da ita yau, ta gama taka ƙasa. Ita ce ma ta fara faɗa.

"Ku kalle ni da kyau a ƙasa," in ji ta. "Saukowa ta gaba a akwati ce, kuma ba ni zan ji nauyin ba."

Da suka isa Dorion sai suka tarar masu fita ba su fita ba. Wani mutum mai tumbi, Lachapelle, yana tsaye a baranda cikin singileti, ya ce motarsu ba ta zo ba, kuma ba zai ɗauko gado a ka ba don wani ya ji daɗi. Kawu Roméo na da sauran gidaje da ke jiransa, don haka aka sauke kayan Bissonnette kaf a bakin titi, aka yafa musu tamfol. Mahaifiyar Yvon, Jeannine, tana can tana goge daɓen tsohon gidan. Mahaifinsa Armand zai bi motar ya taya Roméo aiki. Kafin ya hau, ya kama kunnen Yvon.

"Ka zauna kan kayan nan kamar kaza kan ƙwai. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

"Ba jin ba ne matsalarka, zaman ne."

Motar ta tafi. Aka bar Yvon a kan murhu, Kaka a kan kujerarta tana lilo, fuskarta ta nufi babbar gada. Mutane na ta wucewa zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, sanye da kayan adon Lahadi a ranar Litinin, yara na riƙe da 'yan tutoci.

"Kai, sarkin yawo," in ji Kaka. "Da ka je can, akwai ƙasa kuwa da gaske?"

"Ƙasashe sun fi sittin, Kaka. Rasha ma ta zo."

"Rasha ta ci gidansu. Ƙasa nake tambayarka, wadda ake takawa."

Yvon ya gane. Kakansa Ovila direban tifa ne. Lokacin da ake haƙa ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi da ɗaruruwan direbobi suka yi ta kwasar ƙasar suna zubawa a tsakiyar kogi, dare da rana, don a yi wa Expo wurin zama. Yakan dawo gida da laka har gira, ya ce yau ya zuba titinsu a ruwa. Ita kuma ta ce masa mahaukata ne kawai ke ciyar da kogi ƙasa. Ya ce ta jira, da kansa zai kai ta ta taka. Zuciyarsa ta tsaya kafin a dasa itace ko ɗaya a wurin.

"Har ya mutu ban yarda da shi ba," in ji ta. "Ga shi ana cewa tsibirin ya tsaya."

Yvon ya dubi tamfol, ya dubi matakalar da ke jiran ta. Jikinsa ya riga kansa yanke shawara, don har ya miƙe tsaye.

"Kina iya tafiya har tashar can?"

"In babu matakala? Har Roma."

Ya ɗaga kai sama. "Maigida! Don Allah a ɗan sa mana ido kan kayan nan, zan kai tsohuwa nan kusa."

Lachapelle ya ɗaga kwalbarsa. "Ku je, ina nan. Ina zan je da motar da ba ta zo ba?"

Suka tafi, hannunta ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a sanda, tana tsayawa a kowace fitilar titi wai tana duba unguwa. A tashar ne ta yi turus. Matakala ce a gabanta, doguwa, tana gangarawa cikin ƙasa, kuma tana tafiya da kanta.

"Wannan fa?"

"Tsayawa kawai za ki yi, ita za ta yi aikin."

Ta ɗora ƙafa tana kiran waliyyai, ta ƙanƙame hannunsa har ya ji ƙashi. Kafin su kai rabi sai ta fara dariya, irin dariyar da ke girgiza ta tun daga kafaɗa. Da suka sauka ta juya ta kalli abin.

"Shekara nawa matakala na cin zalina, ashe akwai mai tarbiyya a cikinsu. Mu hau mu sake saukowa."

Suka hau, suka sake saukowa.

Jirgin ya bi da su ta ƙarƙashin kogi, suka fito cikin haske da kiɗa da ƙanshin soyayyen dankali. Yvon ya karɓo mata keken turawa a bakin ƙofa, ya zaunar da ita, daga nan kuma ba wanda ya iya tare su. Yana turawa yana gudu, yana cewa a ba da hanya ga sarauniya, ita kuma tana nuna hanya da sanda. Ga wani ƙaton ƙwallon gilashi da ya fi coci tsawo, ƙaramin jirgin dogo mai bin saman ginshiƙai na shiga ta cikinsa ya fita ta ɗaya gefen. Ga wani gini a kife, ƙafa a sama. Ga mata cikin tufafin da ba ta taɓa gani ba ko a kalanda, da harsuna iri-iri da ke wucewa ta kunnenta kamar tsuntsaye. Ta sha kofin gahawa a rumfar Habasha, ta ce ya fi na surukarta. Ta ci wani abu mai yaji a kan tsinke, hawaye na zuba, ta ce a ƙaro.

A wata rumfa yarinyar da ke bakin ƙofa ta buga wa Yvon tambari a fasfonsa. Kaka ta miƙa tafin hannunta.

"Ni fa, 'yata? Ko ba a ga na zo ba?"

Yarinyar ta yi dariya ta buga mata a tafin. Daga nan ya zama doka. Kowace ƙofa suka je sai ta miƙa hannu, har tambura suka hau wuyan hannunta, shuɗi kan ja.

Sau ɗaya tamfol ya faɗo wa Yvon a rai, lokacin da suke cikin ƙaramin jirgin nan mai bin saman ginshiƙai, gari duk a shimfiɗe a hayin kogi. Ya nemi titin Dorion da ido bai gane shi ba. Sai jirgin ya kutsa cikin ƙwallon gilashin, Kaka ta damƙe gwiwarsa, tunanin ya bi iska.

Da suka haye zuwa tsibiri na biyu, wanda babu shi sam kafin tifofi su zo, sai ta fara duban ƙasa. Ko'ina siminti ne da ciyawa da furanni.

"Tsaya nan," in ji ta, a gefen wani lambun furanni kusa da ruwa.

Ta caka sandarta ta tono kaɗan. Ƙasar baƙa ce, mai laushi. Ta taɓe baki.

"Wannan ta masu kuɗi ce, daga gona aka kawo ta. Ba ita yake shigo min da ita ɗaki ba. Tona."

"Kaka, za a kama mu."

"A kama tsohuwa a keke? Tona, ɗan nema."

Yvon ya durƙusa kamar mai ɗaure takalmi, ya tura hannu tsakanin furannin har gwiwar hannu. Can ƙasa yatsunsa suka taɓa wani abu mai sanyi da danƙo. Ya damƙo ya fito da shi: laka ce mai launin toka, da 'yan tsakuwoyi a ciki.

Ta karɓa, ta murza, ta kai hanci.

"Ita ce," in ji ta. "Shekara biyu ina kankare ta daga wandonsa."

Ta sa ya ɗaga ta ta tsaya. Ya ajiye rabin lakar a kan simintin, ta ɗora takalminta a kai, ta danna da duk nauyinta.

"To, Ovila, na taka. Ka yi gaskiya. Kada ka saba."

Sauran ta ƙulle a hankici ta jefa a jaka. Sannan ta ce tana son ganin Rasha ɗin ma, tunda an zo.

Rana ta yi sanyi sosai kafin su fito daga tashar unguwarsu. Tun daga kwanar titi Yvon ya ga abin da ya faru. Babu tamfol. Babu tulin kaya. Murhu ne kawai da firji, da mahaifinsa zaune kan murhun, hularsa a gwiwa. Mahaifiyarsa na tsaye kusa da shi da bokitin goge-goge a hannu.

Motar Lachapelle ta zo da azahar, ya kwashe nasa ya yi gaba, ya manta da amanar da aka ba shi. A Montreal kuwa, ranar ɗaya ga Mayu, duk abin da aka gani a bakin titi a gaban gidan da aka tashi, ba mai tsaro, to masu shi sun yar ne. Wanda ya ɗauka bai yi sata ba, ya taimaki masu shara. Mutanen Dorion sun taimaka sosai.

Armand ya miƙe. Ya fara zagi irin na mazan unguwar, yana kiran kayan coci ɗaya bayan ɗaya, daga kofin limami har akwatin bagade, sai da ya kwashe cocin kaf. Sannan ya nuna Yvon.

"Abu ɗaya na sa ka. Zama. Kare ma ana koya masa."

"Baba, ni na..."

"Ni na ɗauke shi," in ji Kaka. "In duka ne ka fara da ni, ka ga ko za ka iya ɗaga hannu."

"Mama, gadonmu fa. Keken ɗinkin Jeannine fa. Me za mu ci?"

Ta buɗe jaka ta kwance hankicin, ta miƙa masa a tafin da ya cika da tambura. Armand ya duba. Ya san lakar, don shi ma ya sha wanke tifar ubansa ranar Asabar. Bai karɓa ba, bai kuma ƙara zagi ba.

Zagin nasa dai ya yi amfani, don duk titin ya ji. Wata mata daga hayin titi, Madam Gauvreau, ta sauko da keken ɗinkin a rungume, fuskarta ja.

"Ku yi haƙuri, maƙwabta. Na ce wace wawiya ce za ta yar da wannan."

"Ba wawiya ba ce," in ji Jeannine. "Uwar wawa ce."

Daga nan ƙofofi suka yi ta buɗewa. Gado ya dawo a kan mutum biyu, tukwane suka dawo a cikin keken jariri, wani tsoho ya dawo da hoton auren Armand yana rantsuwa firam ɗin kawai ya so. Kowa ya kawo sai ya tsaya ya ga hannun tsohuwar, ita kuma tana zaune kan murhu tana ba su labarin matakala mai tarbiyya da ginin da ke tsaye a kansa. Kafin duhu sun san kowa a titin da sunansa.

A kan kujerar cin abinci aka hau da ita, Armand a sama, Yvon a ƙasa inda nauyin yake. A hawa na biyu ta ce a tsaya. Daga nan ana hango ƙwallon gilashin ta ƙarƙashin gada, an kunna masa wuta. Ta kalla har hannuwan Yvon suka gaji, sannan ta ce a ci gaba.

Ba ta wanke hannun ba sai ranar Lahadi, shi ma don limami zai zo. Ba ta sake saukowa ba, kamar yadda ta faɗa. Yvon ya koma Expo har fasfonsa ya cika, amma in aka tambaye shi abin da ya gani can, labarin ranar Litinin ɗin yake bayarwa.

Abin da bai dawo ba shi ne: kujerar lilon Kaka, kujerun cin abinci biyu cikin shida, rediyo, katifar Yvon, takalman wasan zamiya kan ƙanƙara na Armand, akwatin kayan sanyi guda, da tamfol ɗin Kawu Roméo, wanda a kansa ya kori Yvon daga aiki.